Sassauƙa da Sarƙaƙƙen Kabohaidiret: Matsayinsu a Cimar Mai Motsa Jiki

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayani a kan rukunai biyu na kabohaidiret, wato sassauƙa da sarƙaƙƙe, da aikin da kowannensu ke yi a jikin mai motsa jiki kafin atisaye, da lokacin da ake cikinsa, da bayan an gama. An nuna cewa rabon da masana kimiyya suka yi bisa ƙirar sinadari bai isa shi kaɗai ya nuna saurin da abinci ke shiga jini ba, domin surfe da niƙa da dafuwa da mahaɗi duk suna sauya wannan sauri. An kuma auna bayanin da abincin gidan Bahaushe, inda aka ga cewa tsohon rabon da ya yi na abinci mai riƙe ciki da mara nauyi ya dace ƙwarai da abin da bincike ya tabbatar. Muƙalar ta tsaya a kan cewa mai motsa jiki yana buƙatar rukunan biyu, kowanne a lokacinsa kuma gwargwadon wahalar da aka sha.

Fitilun Kalmomi: kabohaidiret, sitaci, sukari, gilaikojin, motsa jiki, cimar Hausawa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan karin magana ya nuna cewa tun fil azal an san babu aikin ƙarfi sai da abinci. Abin da bai fayyace ba shi ne wane irin abinci, kuma a wane lokaci. Tambayar ta ƙara nauyi a yau, ganin yadda gidajen motsa jiki da filayen ƙwallon ƙafa da gudun safe suka samu karɓuwa a biranen ƙasar Hausa, ga kuma dambe da kokawa da aka gada.

Tare da wannan karɓuwa, wasu maganganu sun yaɗu a tsakanin matasa. Wasu na ganin duk wani abu mai zaƙi guba ne, wasu kuma na ganin tuwo da shinkafa su ne ke kawo teɓa, don haka wajibi ne a ƙaurace musu. Sakamakon haka, akan sami matashin da ya yi kwanaki yana gudun hatsi, sannan ya shiga fili ya kasa kai rabin wasa saboda jiri da mutuwar jiki. Akan kuma sami wanda tafiyar minti 20 kawai zai yi, amma sai ya shanye kwalbar lemo da sunan neman kuzari, ya zuba wa jikinsa fiye da abin da zai ƙona. Dukkan kurakuran biyu daga tushe ɗaya suka fito, wato rashin sanin yadda jiki ke karɓar kabohaidiret, da inda yake ajiye shi, da lokacin da yake ɗebo shi.

2.0 Ma'anar Kabohaidiret

Kabohaidiret ɗaya ne daga cikin manyan sinadaran abinci guda uku da jiki ke samun ƙarfi daga gare su. Sauran biyun su ne furotin da maiƙo. An gina shi ne da kabon da haidirojin da oksijin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana ba da kusan kalori 4, yayin da giram ɗaya na maiƙo ke ba da kusan 9. A darussan makaranta akan kira shi abinci mai ba da kuzari, sai dai wannan suna ya haɗa har da maiƙo, shi ya sa aka zaɓi aron kalmar a nan. Dangane da sunayen rukunan biyu kuwa, an bi sawun masana nahawun Hausa, waɗanda suka daɗe suna bambance sassauƙar jimla da sarƙaƙƙiya. Kamar yadda ake gina sarƙaƙƙiyar jimla daga ƙananan sassa, haka ake gina sarƙaƙƙen kabohaidiret daga ƙwayoyin sukari.

2.1 Sassauƙan Kabohaidiret

Sassauƙa shi ne wanda bai wuce ƙwayar sukari ɗaya ko biyu ba. Masu ƙwaya ɗaya su ne gulukos da furuktos da galaktos. Gulukos shi ne sukarin da ke yawo a jini, furuktos kuwa ya fi yawa a zuma da 'ya'yan itatuwa. Masu ƙwaya biyu su ne sukuros da laktos da maltos. Sukuros, wanda gulukos ne haɗe da furuktos, shi ne zaƙin rake da mazarƙwaila da sukarin shayi. Laktos shi ne sukarin madara, maltos kuma yakan bayyana idan hatsi ya tsira. Saboda haka zuma da dabino da rake da alewa da lemon kwalba duk a wannan rukuni ƙarfinsu yake.

2.2 Sarƙaƙƙen Kabohaidiret

Sarƙaƙƙe shi ne wanda ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyin sukari suka sarƙu suka zama abu ɗaya, tamkar duwatsun jigida a jikin zare. Mafi shahara shi ne sitaci, wanda ke cikin gero da dawa da masara da shinkafa da acca da alkama da rogo da doya da dankali da wake. Sitaci iri biyu ne: akwai miƙaƙƙe mai suna amilos, wanda ke da wuyar narkewa, akwai kuma mai rassa da ake kira amilofektin, wanda ke narkewa da sauri domin yana da bakuna da yawa da za a kama shi ta nan. Na biyu a wannan rukuni shi ne gilaikojin, wato siffar da jikin mutum da na dabba ke ajiye gulukos a cikinta. Na uku shi ne faiba, ɓangaren tsiro da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, wanda ya fi yawa a dusa da ganyaye da wake.

3.0 Tafiyar Kabohaidiret a Jiki

Ƙaramin hanji ba ya shigar da kabohaidiret cikin jini sai ya zama ƙwaya ɗai-ɗai. Ke nan duk jigidar da ta shigo sai an tsinke ta. Aikin yana farawa tun daga baki, inda wani sinadari da ke cikin yawu mai suna amiles yake soma yanka sitaci. Wannan ne dalilin da ya sa idan aka daɗe ana tauna lomar burodi ko shinkafa sai a ji ɗan zaƙi-zaƙi. Daga nan abinci ya sauka tumbi, tumbi kuma ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, inda ake ƙarasa yankan. Idan gulukos ya shiga jini, jiki yakan saki sinadarin insulin, wanda ke buɗe masa ƙofar shiga tsoka da sauran sassa.

Gulukos ɗin da ke cikin jinin baligi gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kwatankwacin ƙaramin cokali ɗaya, alhali ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan giram 120 a kowace rana. Don haka dole a sami ma'ajiya. Masanin nan na ƙasar Faransa, Claude Bernard, shi ne ya fitar da gilaikojin daga hanta a shekarar 1857. An gano daga baya cewa ma'ajiyar biyu ce. Hanta tana riƙe kusan giram 80 zuwa 100, tsokoki kuma kusan giram 300 zuwa 500, gwargwadon girman jiki da horo da cima. Ana iya kwatanta ta hanta da rumbun gandu, domin daga cikinta ake ɗebo wa kowa a gidan, har da ƙwaƙwalwa. Ta tsoka kuwa rumbun gayauna ce: abin da tsokar cinya ta ajiye nata ne ita kaɗai, ba ta iya mayar da shi jini don tsokar hannu ta amfana. Rumbun hanta yakan ragu sosai a cikin barcin dare, abin da ya kamata mai fita atisayen asuba ya lura da shi.

Kitsen jiki ma ma'ajiya ce, har ta fi ta gilaikojin girma nesa ba kusa ba, ko da a jikin siriri. Matsalarsa ita ce jinkiri. Idan mutum yana tafiya a hankali, kitse yana iya ɗaukar kaso mai yawa na nauyin aikin. Da zarar aiki ya tsananta, numfashi ya fara sama-sama, sai jiki ya karkata ga gilaikojin, domin shi ne ke ba da ƙarfi da gaggawa, kuma da ƙarancin iskar oksijin idan aka kwatanta da kitse. A aiki mai tsanani wanda ba a tsayawa, wannan ajiya takan yi ƙasa ƙwarai cikin minti 90 zuwa 120.

4.0 Abin da Bincike ya Tabbatar

A shekarar 1924, wasu likitoci a ƙarƙashin Samuel Levine sun auna jinin wasu daga cikin waɗanda suka yi gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka. Sun tarar cewa waɗanda suka iso a galabaice, wasu har da ruɗewa, sukarin jininsu ya faɗi. A shekarar da ta biyo baya aka ba wa wasu masu gudun alewa su riƙa tsotsa a hanya, aka kuma ga alamun galabaitar sun ragu.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga ƙasar Suwidin. A shekarar 1967, Jonas Bergström da Eric Hultman da abokan aikinsu sun yi amfani da wata allura suna ɗebo ɗan guntun tsoka don auna gilaikojin ɗin da ke ciki. Sun sa mutane tuƙa keken motsa jiki har sai sun gaza, bayan cima iri uku. Bayan cimar furotin da maiƙo zalla, matsakaicin lokacin da suka jure minti 57 ne. Bayan cimar yau da kullum suka kai minti 114. Bayan cima mai yawan kabohaidiret kuwa suka kai minti 167. Mutanen ɗaya ne, keken ɗaya ne, abinci kawai aka sauya.

A nahiyar Afirka ma akwai misali. Wani bincike da Vincent Onywera da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2004 a kan wasu fitattun masu dogon gudu na ƙasar Kenya ya nuna cewa kusan kashi 76 cikin 100 na ƙarfin abincinsu daga kabohaidiret yake. Manyan hanyoyin samunsa su ne ugali, wato tuwon masararsu, da kuma sukarin da suke sha a shayi mai madara. Ga shi nan, rukunan biyu sun haɗu a kwano ɗaya.

5.0 Inda Rabon Gida Biyu ya Gaza

An daɗe ana ɗaukar cewa duk sassauƙa yana shiga jini da sauri, duk sarƙaƙƙe kuma a hankali. A shekarar 1981, David Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a Kanada suka gwada wannan zato a kan abinci iri 62. Daga aikinsu ne aka sami ma'aunin hawan sukari, wanda ke kwatanta yadda kowane abinci ke ɗaga sukarin jini da yadda tsantsar gulukos ke ɗaga shi, an ba gulukos maki 100. A yau akan ɗauki maki 55 zuwa ƙasa a matsayin mai jinkiri, 56 zuwa 69 matsakaici, 70 zuwa sama kuma mai sauri.

Sakamakon ya ba da mamaki. Farin burodi da dafaffiyar farar shinkafa, waɗanda sarƙaƙƙu ne a ƙira, sukan kai maki 70 ko fiye. Sukarin shayi, wanda sassauƙa ne, yana wajen 65. Furuktos bai kai 25 ba, domin sai ya bi ta hanta kafin wani ɓangarensa ya zama gulukos. Dangin wake kuwa suna can ƙasa. Wannan ya nuna cewa tsawon sarƙa ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Abin da ya fi tasiri shi ne sauƙin da sinadaran narkarwa ke samu wajen isa ga sitacin, da kuma saurin da tumbi ke sakin abincin.

Shi kansa ma'aunin yana da iyaka, domin bai yi la'akari da yawan abin da aka ci ba. Kankana tana da maki mai yawa, amma galibinta ruwa ce, don haka yanka ɗaya ba ya ɗauke da sukari mai yawa. Haka kuma akan auna kowane abinci ne shi kaɗai, alhali Bahaushe ba ya cin tuwo gaya, sai da miya da mai.

6.0 Sarrafa Hatsi a Gidan Bahaushe

Idan aka dubi yadda ake sarrafa hatsi a gida, za a ga cewa ƙwayar gero ɗaya tana iya zama mai sauri ko mai jinkiri, ya danganta da hannun da ya sarrafa ta. Surfe yana cire dusa, wato yana rage faiba. Niƙa yana farfasa ƙwayar, kuma gwargwadon laushin gari gwargwadon saurin narkewarsa. Dafuwa da ruwa tana sa ƙwayoyin sitaci su kumbura su buɗe. Saboda haka koko, wanda aka yi da gasarar da aka markaɗa aka tace aka dama da ruwa-ruwa, ba ya daɗewa a tumbi. Dambu da burabusko kuwa, da yake tsakinsu bai yi laushi ba, sukan ɗauki lokaci. Tuwon shinkafa, wanda aka dafa har ya yi luguf aka tuƙa, yana cikin masu saurin narkewa. Dawa tana da wata siffa ta daban, domin furotin ɗinta yana lulluɓe ƙwayoyin sitaci, yana rage saurin isa gare su.

Wani bincike da aka gudanar a Bamako ta ƙasar Mali, wanda Fatimata Cisse da Bruce Hamaker na Jami'ar Purdue da abokan aikinsu suka wallafa a shekarar 2018, ya auna tsawon zaman abinci a tumbi. An gano cewa tuwon gero da na dawa da wani abincin gero mai kama da burabusko suna ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa da dankalin Turawa da taliya ke ɗauka kafin su bar tumbi. Wannan shi ne abin da manomi ke nufi idan ya ce tuwon dawa yana riƙe ciki, shinkafa kuwa tana saurin sakin mutum.

Akwai wasu hikimomi biyu da suka cancanci ambato. Na farko, idan dafaffen sitaci ya huce ya kwana, wani ɓangarensa yakan sake ƙullewa ya yi wuyar narkewa, kuma ɗumamawa ba ta warware shi duka. Ɗumamen safe yana da rabo daga wannan siffa. Na biyu kishiyar wannan ne. Masu kunun zaƙi sukan zuba niƙaƙƙen dankalin Hausa ko tsiron hatsi a cikin damammiyar gasara, sai kunun ya tsinke ya yi zaƙi. Dalili shi ne amiles ɗin da ke cikin dankalin ko tsiron yana yanka sitaci ya mayar da shi maltos. Wato a cikin tukunya aka mayar da sarƙaƙƙe sassauƙa kafin ya kai baki.

Mahaɗi ma yana da nasa tasiri. Furotin da maiƙo da tsami suna jinkirta fitar abinci daga tumbi. Shi ya sa fura da nono ta fi kunu zalla riƙe ciki, shinkafa da wake kuma ta fi farar shinkafa.

7.0 Lokuta Uku na Mai Motsa Jiki

Ƙungiyoyin masana cima da likitancin wasanni na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya ta haɗin gwiwa a shekarar 2016, inda suka ɗaure buƙatar kabohaidiret da nauyin jiki da yawan aiki. Mai aiki mara tsanani yana buƙatar giram 3 zuwa 5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai atisayen kusan awa ɗaya yana buƙatar 5 zuwa 7. Mai yin awa 1 zuwa 3 yana buƙatar 6 zuwa 10. Idan aka ɗauki matashi mai kilo 70 da ke atisayen awa ɗaya kullum, buƙatarsa giram 350 zuwa 490 ce. Da yake busasshen hatsi kusan kashi 70 cikin 100 nasa kabohaidiret ne, wannan ya yi daidai da giram 500 zuwa 700 na gari a wuni, da a ce daga hatsi kaɗai zai samu. Mafi yawan wannan adadi ya kamata ya fito daga hatsi da wake da saiwoyi da 'ya'yan itatuwa, domin su ne ke zuwa da faiba da sauran sinadaran gina jiki.

7.1 Kafin Atisaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gilaikojin ɗin da za a yi aiki da shi yau, abincin jiya da shekaranjiya ne ya tara shi. Aikin abincin ranar shi ne cike gurbin da dare ya bari a hanta. Ƙa'idar ita ce giram 1 zuwa 4 a kan kowane kilo, awa 1 zuwa 4 kafin farawa, kuma gwargwadon kusantar lokaci gwargwadon rage yawa da nauyi. Idan saura awa 3 ko 4, tuwo da miya mara yawan mai, ko shinkafa da wake, ko fura da nono sun dace. Idan saura awa ɗaya, koko ko ayaba ko burodi da zuma sun fi, domin jinin da ya kamata ya yi aikin narkarwa zai koma tsokoki, abinci mai nauyi kuma ya zauna a ciki ya kawo murɗa da tashin zuciya. A nan siffar da ta sa tuwon dawa ya zama abokin manomi ita ce za ta sa ya zama cikas ga ɗan ƙwallon da ya ci shi dab da shiga fili.

Wasu mutane idan suka sha zaƙi mai yawa minti 30 zuwa 60 kafin farawa, sukarin jininsu yakan yi ƙasa na ɗan lokaci a farkon aikin, saboda insulin da tsoka sun haɗu suna janye shi. Ga yawancin mutane wannan yakan wuce ba tare da illa ba. Wanda ya lura yana samun jiri a irin wannan hali sai ya matsar da zaƙin zuwa dab da farawa, ko ya zaɓi abinci mai jinkiri tun da wuri.

7.2 Lokacin Atisaye

Aikin da bai kai minti 45 ba ba ya buƙatar komai sai ruwa. Idan ya kai awa 1 zuwa 2 da rabi, kamar wasan ƙwallo ko dogon gudu, akan so giram 30 zuwa 60 a kowace awa. A nan sassauƙa ya fi kowane amfani, domin ana son abin da zai isa jini ba tare da ya wahalar da ciki ba. Matsakaicin busasshen dabino ƙwaya 5 zuwa 6, ko zuma babban cokali 2, ko ayaba babba guda, kowannensu yana ba da kusan giram 30.

Bincike da Asker Jeukendrup da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Birmingham ta Ingila a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa ƙofar da gulukos ke bi a hanji takan cika idan aka kai kusan giram 60 a awa. Furuktos yana da tasa ƙofar daban, don haka idan aka haɗa su biyun ana iya kai wa giram 90 ga mai aikin da ya haura awa 2 da rabi. Zuma da dabino da sukarin rake duk suna ɗauke da wannan haɗi tun asali.

Kaurin abin sha ma abin lura ne. An fi son sukari ya kasance kashi 6 zuwa 8 cikin 100, wato kusan babban cokali 5 a lita ɗaya ta ruwa, da ɗan gishiri. Lemon kwalba yakan kai kashi 10 ko fiye, ga kuma iska, shi ya sa yake iya zama a ciki. Farau-farau da akan kai wa masu aikin gona bisa wannan hikima yake: ruwa mai yawa, hatsi kaɗan.

7.3 Bayan Atisaye

Tsokar da ta gama aiki ta fi karɓar gulukos a sa'o'in farko. John Ivy na Jami'ar Texas da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 1988 cewa jinkirta cin kabohaidiret da awa 2 yana rage saurin mayar da gilaikojin da kusan rabi. Wannan ya fi shafar wanda zai sake fita cikin awa 8, kamar ɗan wasan da ke atisaye safe da yamma, ko ɗan kokawar da zai sake karawa a wuni ɗaya. Irin wannan yana buƙatar giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo a kowace awa, har tsawon awa 4, daga abinci mai sauri kamar kunun zaƙi da tuwon shinkafa da waina da ayaba. Haɗawa da furotin, irin su nono da ƙwai da wake da nama, yana taimaka wa gyaran tsoka. Wanda sai gobe zai sake fita kuwa, abincinsa na yau da kullum ya wadatar muddin ya kai adadin da ake buƙata.

8.0 Bambancin Wasanni da Abin Kiyayewa

Dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe ayyuka ne na yunƙuri mai tsanani da gajeren lokaci. Sun dogara ƙwarai ga gilaikojin ɗin tsoka, amma turmi ɗaya ba ya ƙarar da shi. Abin da masu su ke buƙata shi ne su shiga fage da cikakken rumbu da ciki mara nauyi. Gudun fanfalaki, mai tsawon kilomita 42 da 'yan kai, shi ne ke cinye ajiyar, shi ya sa masu yin sa kan ƙara yawan kabohaidiret zuwa giram 10 zuwa 12 a kan kowane kilo a kowace rana cikin awa 36 zuwa 48 kafin gasa. Mai atisaye a watan azumi kuma zai fi amfana idan ya sa mai riƙe ciki a sahur, ya bar mai sauri ga buɗa-baki.

Dole a jaddada cewa waɗannan alƙaluma na masu aiki mai tsanani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin wuni. Ga mai cin kalori 2,000, wannan giram 50 ne, abin da kwalbar lemo mai rabin lita kan iya cikewa ita kaɗai. Ma'aikacin ofis da ke tattaki da yamma don rage ƙiba ba ya cikin masu buƙatar ƙarin zaƙi. Mai ciwon sukari kuwa, musamman mai allurar insulin, sai ya tsara cimarsa da atisayensa tare da likita, domin motsa jiki yana iya faɗar masa da sukarin jini.

9.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa sassauƙa da sarƙaƙƙen kabohaidiret duk ƙwayoyin sukari suke komawa kafin su shiga jini, kuma bambancin da ya shafi mai motsa jiki shi ne na sauri da yawa da lokaci. Mai jinkiri shi ne ginshiƙin cimar yau da kullum da ta sa'o'in da suka gabaci atisaye. Mai sauri kuma yana da gurbinsa a cikin dogon aiki da kuma bayansa idan za a sake fita da wuri. Dukkan waɗannan akwai su a kasuwa da madafin Bahaushe, tun daga tuwon dawa da fura har zuwa koko da dabino da zuma. Akwai aiki a gaban masu nazarin Hausa ta fuska biyu: daidaita kalmomin wannan fanni don amfanin malamai da masu horar da 'yan wasa, da kuma tattara abin da 'yan dambe da 'yan kokawa da manoma suka gada game da cimar aikin ƙarfi, domin a auna shi tare da masana cima.